Yadda za ka fara sauraren kiɗan piyano na Turawan da, ba tare da barci ya kwashe ka ba

Da farko dai ka rabu da irin bidiyon nan na YouTube masu awa uku-uku da aka tara kiɗa hamsin wuri guda. Forfenka zai ƙare a banza, kuma in an ce mi ka ji ba za ka iya faɗi ba. Kiɗi guda za ka ɗauka, gajere, ka sauke shi cikin salula ka yi ta maimaitawa har sati ya zagayo. In ta tawa za a bi da Chopin za a fara, ka rubuta Nocturne Op. 9 No. 2 wajen nema, minti huɗu da ɗan wani abu ne kawai, nocturne kuwa kiɗin dare ne mai sanyi. Shi Chopin ɗan ƙasar Polan ne, an haife shi 1810 ya rasu a Paris 1849 yana da shekara 39, kuma kusan duk abin da ya tsara na piyano ne. Op. ɗin nan da lambobi kar su razana ka, lambar jerin ayyukan mutum ce, da ita ake gane wanne ake nufi tunda nocturne ɗinsa kaɗai sun kai 21.

Sai ekutar, ko na jikka guda ne ka samu a kasuwa. Piyano maɓallai 88 gare shi, in an danna sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya daga ciki, gefen hagu sautin mai kauri ne gefen dama siriri, to lasifikar salula gaba ɗaya take haɗiye na hagun, rabin kiɗin kenan ya tafi. Kuma abin yakan yi ƙasa-ƙasa har ka ɗauka ya tsaya sannan ya taso, don haka ba kiɗin bisa kabu-kabu ba ne, ba kuma na fada ba inda ake belot ana gardamar ƙwallo ana jiran shayi na biyu. Bari sai bayan isha'i in gari ya lafa.

Abin da ke korar mutanenmu shi ne babu baiti, kunne ya saba jiran a ce wani abu. To ka ɗauki hannun dama shi ne mawaƙin, hannun hagu kuma makaɗansa ne da ke riƙe masa kiɗi. A wanga nocturne ɗin hannun hagu uku-uku yake tafiya, bugu ɗaya can ƙasa sannan biyu a sama, dum ta ta, dum ta ta, kusan har ƙarshe. Ji na farko ka bi na dama kawai. Na biyu ka manta da shi ka bi na hagu, wallahi nan ne abin ke fara buɗewa. Na uku ka lura yadda karin farko ke tafiya ya dawo, kuma duk dawowa da ƙarin ado yake zuwa, inda da bugu ɗaya ne yanzu ya zama wasu 'yan ƙanana a guje. Ran da ka fara sanin abin da zai zo kafin ya zo, to lokacin ƙara wani ya yi.

Für Elise ta Beethoven ka san ta ko ba ka san sunanta ba, tana cikin salulolin da da kayan wasan yara. 1810 ya rubuta ta amma ba a buga ta a takarda ba sai 1867, shekara 40 bayan mutuwarsa. Mutane farkonta kaɗai suka sani, ka daure ka kai wajen da hannun hagu ke ta sarar sauti guda a ƙasa. Da rana tsaka in kasala ta kama ka sai Rondo alla Turca na Mozart, kwaikwayon kiɗin sojan Turkiyya ne. Prelude in C na Bach, na 1722, minti biyu ne, salo guda yake ta juyawa. Akwai Gymnopédie No. 1 na Satie da Clair de lune na Debussy, duka Faransawa, masu sanyi ne ƙwarai, ni dai Satie yakan ishe ni da wuri amma wasu na mutuwar sonsa.

Dogaye sai daga baya. Moonlight Sonata ta Beethoven, ta 1801, kashi uku ce, wajen minti 15, kuma na ukun ba ruwansa da laushin na farko, guguwa ce zalla.

Wani abu da ba a cika gaya wa sabon shiga ba, mai tsara kiɗin daban mai buga shi daban, kuma hannu ya bambanta. Ka ji nocturne ɗin nan a hannun Arthur Rubinstein sannan ka nemi wani ka gwada, wani ya ja shi wani ya kora shi. Glenn Gould ɗan Kanada ma sau biyu ya ɗauki Goldberg Variations na Bach a sitidiyo, na 1955 wajen minti 38, na 1981 wajen minti 51, ya rage gudu ya kuma maimaita wasu wurare, har gunguninsa za ka ji yana bin kiɗin da baki. Don haka in ka sauke abu ka rubuta sunan mai bugawar a jikin fayil ɗin tun da wuri, don waɗanda ake turawa ta Xender da WhatsApp yawanci ba suna suke zuwa, sai ka rasa wanda ya yi maka daɗin balle ka nemi sauran nasa.