Yadda Ake Hana Kyasuwa Mamaye Gona

Kyasuwa ciyawa ce mai daɗi ga dabbobi, amma idan ta samu sake a gonar gero ko dawa sai ta danne shuka ta shanye takin. Mu da muka saba da ita ba mu cika ɗaukarta da zafi ba. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka kai ta don kiwo, ta kuɓuce ta cika daji da gefen hanyoyi, busasshiyarta na ƙara wa gobarar rani ƙarfi. Amurka ma ta sa ta cikin ciyayin da doka ta hana a shigo da su.

Ƙarfinta duka yana cikin iri. Shekara ɗaya take rayuwa, ta mutu da rani. Saboda haka aikin shi ne kada a bar ta ta zubar da 'ya'ya.

Da farko a koyi gane ta tun tana ƙarama, domin ɗanyen tsironta yana kama da na gero, dangi ne. Abin da ya fito a tsakanin layi, ba a gurbin da aka shuka ba, a cire shi.

Sai noman firi. A yi shi cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka, lokacin da saiwarta ba ta kama ƙasa ba. A zaɓi ranar da ake rana, a kaɗe ƙasar jikin saiwar, don idan aka noma ruwa ya sauka a daren, da yawa za su sake kamawa. Maimai ya biyo baya kafin gero ya rufe.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne iyakar gona. Mutum zai gyara cikin gonarsa tas, ya bar kyasuwa a kan iyaka ta kai ƙugu. Wajen Satumba zuwa Oktoba sai ta fitar da kai mai gashi, ja-ja, mai laushi kamar auduga. Da ya bushe, iska kaɗan ta isa ta kwashe shi, saura ya manne a gashin tumaki, da ƙafar wando, da amalanke. A sa lauje a yanke ta kafin kan ya fito. Babu asara a nan: a lokacin ne ma ta fi amfani ga dabba, a shanya ta a inuwa a ɗaure don rani. Idan an makara kai ya nuna, a yanke a hankali a tara wuri ɗaya, kada a ja ta ta cikin gona.

A lura da takin gida. Ragowar ciyawar da ke turke tana ɗauke da iri, don haka a tara takin ya ruɓe sosai kafin a kai gona.

Gonar da kyasuwa ta riga ta ci ƙarfinta, a sa mata gyaɗa ko wake ko waken suya a damina mai zuwa. Dalili kuwa, akwai maganin feshi da ke kashe dangin ciyawa ya bar waɗannan, amma irinsa zai ƙone gero da dawa da masara. A tambayi malamin gona kafin a saya, a kuma yi magana da maƙwabcin gona a yanke iyaka tare.