Darasi na 9: Haɗa Sunan Shafi da Masaukinsa a Intanet

A darasin da ya gabata mun ga yadda ake jera hotunan kaya da farashinsu a shafin intanet. Yau za mu raɗa wa shafin suna, irin wanda za ka buga a jikin leda, ko ka faɗa wa mai saye a waya ya rubuta ba tare da ya ce ka maimaita ba.

Abu biyu ake biya wa kuɗi, amma da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Na farko shi ne suna, wanda masu harkar ke kira domen, kamar a ce turarenhajiya.com.ng. Na biyu masauki, wato hostin: wurin da wani kamfani ya ba ka haya a cikin kwamfutarsa da ba a kashewa dare da rana, inda hotunanka da rubutunka suke zaune. Kana iya samun su duka a kamfani ɗaya, kana kuma iya raba su. Idan ka raba, sai ka gabatar da su ga juna. Aikinmu na yau ke nan.

Kwamfuta ba ruwanta da suna, lamba ta sani. Masaukinka yana da lamba irin 203.0.113.10. Duba wayarka: ka taɓa "Yaya Babba", ita kuwa lamba take kira a ɓoye. Haka intanet take da nata littafin lambobi, ana ce masa DNS, wanda wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya tsara a 1983.

Zaɓen suna

Ya zama gajere. Haruffa da lambobi da ɗan karan tsakiya kaɗai ake sawa, ba a barin fili. Ka guji ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowace waya ke da su ba. Idan sunan kasuwancinka "Ƙamshi" ne, rubuta kamshi. Wutsiyar suna kuma tana nuna gida: .ng ta Najeriya ce, hukumar NiRA ke kula da ita, .ne ta Nijar, .gh ta Gana, .com kuwa ta kowa da kowa. Mai sayar da kaya a cikin gida, .com.ng ta ishe shi, ga araha, ga biya da naira.

Rajista

A nan nake so mu daɗe. Suna ba sayensa ake yi a mallaka har abada ba, haya ce ta shekara-shekara, kuma wanda imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai shi. Na taɓa ba wani yaro kuɗi ya buɗe wa ajinmu shafi. Ya yi aiki mai kyau, amma da nasa imel ɗin ya yi rajista. Shekara ta zagayo, saƙon tuni ya tafi wurinsa, shi kuma ya canza layi ya bar gari. Muna ji muna gani sunan ya mutu, ga shi mun riga mun buga shi a takardu. Saboda haka ko wa zai taimaka maka, ka zauna kusa da shi. Imel naka, lambar waya taka, kalmar sirri kai za ka shigar da hannunka, ka kuma rubuta ta a littafin da kake ajiye lissafi.

Haɗawa

Bayan ka biya kuɗin masauki, kamfanin zai turo maka saƙo ɗauke da layi biyu ko fiye, galibi masu farawa da ns1 da ns2. Su ne masu nuna hanya.

1. Shiga asusunka a inda ka yi rajistar suna.
2. Taɓa sunanka, ka nemi inda aka rubuta Nameservers.
3. Goge na ciki, ka liƙa waɗanda aka turo maka. Kwafa za ka yi, kada ka rubuta da ka. Harafi ɗaya ya kuskure, shafi ba zai buɗe ba.
4. Adana, sannan ka koma asusun masauki ka ƙara sunan a can ma.

Wasu kamfanonin lamba kawai suke bayarwa. In haka ne, bar masu nuna hanya yadda suke, ka shiga saitin DNS a inda ka yi rajistar suna. A layin da ake kira A, sa alamar @, wadda ke nufin sunanka, da lambar masaukin. Sai ka ƙara layin CNAME don www ya bi sunanka, in ba haka ba mai rubuta www a gaba zai tarar da ƙofa a rufe.

Daga nan sai haƙuri. Wani lokaci minti kaɗan ne, wani lokaci har awa 48 kafin labari ya game ko'ina. Shafin na iya buɗewa a wayar maƙwabcinka ya ƙi a taka, saboda layinka yana riƙe da tsohon bayani. Kada ka yi ta taɓa saiti. Kuskuren da sababbi suka fi yi ke nan.

Da ya buɗe, duba ko adireshin ya fara da https, alamar cewa shafin yana da kariya. In babu, kunna SSL, wato makullin da ke kare bayanan da ke wucewa tsakanin shafi da mai buɗe shi, a asusun masauki. Yawancin kamfanoni suna ba da na wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt kyauta.

Aikin gida

Rubuta sunaye uku da za su dace da sana'arka. Karanta wa mutum biyu a gida, su rubuta abin da suka ji. Ka zo aji da takardunsu ranar darasi na gaba.