Yadda nake aro ƙwazon ɗaga ƙarfe daga 'yan hokin ƙanƙara

Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, shekaruna 44, kuma ƙanƙarar da na sani a duniya ita ce wadda ake jefawa cikin kula don fiya wata ta yi sanyi. Ban taɓa ganin filin hoki da idona ba. Amma yau shekara uku ke nan, abin da ke raba ni da katifa bayan sallar asuba ya kai ni wurin ƙarfe, labarin wasu mutane ne da ke gudu a kan ƙanƙara a Kanada da Amurka.

Wurin namu rumfar kwano ce a bayan wani gida a Ketu. Ƙarafan kuwa, rabinsu siminti ne da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka bututu a tsakiya, sauran tsofaffin ƙarafan birkin manyan motoci ne. Benci ɗaya ne, madubi ɗaya, shi ma a tsage. Na fara zuwa na daina ya fi sau biyar. Kowane karo hoton wani ƙato mai murɗaɗɗen damtse nake gani a waya, jinina ya tashi, in yi mako biyu ina nishi, in dubi madubin nan in ga tumbina na nan daram, sai in koma gidan jiya.

Ɗan yayata ne ya jawo maganar hoki. Wata rana an ɗauke wuta muna shan iska a waje, ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, ka ga wannan? Babansa ɗan Najeriya ne fa." Jarome Iginla ke nan, haifaffen Edmonton a 1977, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin ƙungiyar Calgary Flames, ya ci ƙwallo 625 a gasar NHL, babbar gasar hoki ta duniya. Washegari na tambayi Bayerabiyar da ke sayen albasa a wurina ma'anar sunan, ta yi dariya ta ce "igi nla" ai babbar bishiya ke nan. Daga kansa na shiga bin labarin sauran, har na gane cewa abin da nake nema ba ya cikin hoto, yana cikin tarihin shekarun da mutum ya yi yana abu ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum shida-shida ne har da mai tsaron raga, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. An yarda a bangaje mutum da kafaɗa a haɗa shi da bango. Wannan ya isa.

Abu na farko, kada ka zaɓi gwanin gwanaye. Ka zaɓi wanda matsalarsa ta yi kama da taka. Tawa matsalar shekaru ce, don yaran rumfarmu "Baba" suke ce mini, wani ma har ya taso zai karɓar mini ƙarfe. Saboda haka na ɗauki Jaromir Jagr, mutumin garin Kladno a ƙasar Cek, wanda aka haifa a 1972. Ya ɗauki kofin Stanley, babban kofin gasar, a 1991 da 1992 da ƙungiyar Pittsburgh, bai bar NHL ba sai 2018 yana da shekara 45, sannan ya koma ƙungiyar garinsu ya ci gaba da bugawa har ya haura 50. An san shi da karɓar mabuɗin filin atisaye ya koma cikin dare shi kaɗai, sanye da riga mai nauyi, bayan kowa ya kwanta. Kafin shi akwai Gordie Howe, wanda ya buga kakarsa ta ƙarshe a 1980 yana da shekara 52, 'ya'yan cikinsa biyu suna ƙungiya ɗaya da shi, kuma wasa 80 na kakar babu wanda ya tsallake. Howe yana saurayi aikin gini ya yi tare da mahaifinsa, yana dakon buhunan siminti. Da na karanta haka sai na ɗaga kai na dubi 'yan dakon da ke sauke mana buhuna daga tirela, na ce ashe kayan aikin na gabanmu kullum.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke yin asara: labari shi kaɗai ba ya ɗaga ko kilo ɗaya. Sai ka ciro aiki guda daga cikinsa, ka yanka shi daidai wuyanka. Ni na koyi wannan da wahala. Jagr ya sha faɗin cewa tun yana ɗan shekara bakwai yake tsuguna ya miƙe sau 1,000 a rana. Na ce to, ɗan shekara bakwai ma ya yi, balle ni. Wata Lahadi na tsaya a tsakar gida na fara, na kai ɗari uku da wani abu ƙafafuna suka fara kaɗawa kamar mazari. Kwana uku a zaune nake sallah. Ranar Talata a masallacin kasuwa wani dattijo ɗan Sakkwato ya dafa ni ya ce, "Malam, ciwon ƙafa ne? Allah shi sauwaƙe." Na ce amin, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Hawa danfo ma sai kwandasta ya jawo ni. Abin da ya kamata in ɗauka daga Jagr shi ne "kullum", ba "dubu" ba. Na koma 30 a rana, kowane mako in ƙara biyar. Sai da na wata biyu kafin na ɗora ƙarfe a kafaɗa, shi ma sandar kawai, babu komai a jikinta.

Wannan ya kawo ni kan ƙafa, kuma a nan zan daɗe, don nan ne cutar rumfunan ƙarfe na Legas take, daga Agege har Idi-Araba. Kowa ƙirji, kowa damtse. Layi ake yi a kan benci, ranar ƙafa kuwa sai ka ga wurin kamar an yi shara. Ka ga saurayi sama kamar ingarma, ƙasa kamar zalɓe. Ɗan hoki ba ya wannan wauta, domin aikinsa a rusune yake yinsa, gwiwa a lanƙwashe, yana tura jiki gefe da ƙafa ɗaya sannan ɗayar. Ƙarfinsa na cinya, da ɗuwawu, da kwankwaso, da tsokar ciki. Shi ya sa za a bangaje shi a kan abu mai santsi bai faɗi ba.

Ka nemi hoton cinyoyin Martin St. Louis ka gani. Tsayinsa mita 1.73 ne, gajere a cikin ƙatti. Lokacin da ƙungiyoyi ke zaɓar matasa babu wadda ta ɗauke shi, Calgary da ta gwada shi daga baya ta sallame shi a 2000. A 2004 ya ɗauki kofin Stanley da Tampa Bay, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya. A 2013, yana da shekara 37, ya sake zama wanda ya fi kowa maki. Ɗan hakin da ka raina. Akwai wani ɗan siririn yaro mai sayar da barkono da ke zuwa rumfarmu yana raɓe-raɓe saboda ana masa dariya, shi na ba wa St. Louis. Yanzu ya fi ni nauyin tsugunno, kuma ba ya ɓoye jin daɗinsa.

Yadda nake yin ranar ƙafa, Talata da Asabar: in ɗumama jiki minti biyar, sannan tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, sau takwas, zagaye huɗu. Diddige ya zauna a ƙasa, ƙirji a sama, gadon baya a miƙe, gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka dosa. Sai in ɗora ƙafa ɗaya a kan benci ta baya in tsuguna da ɗayar, sau goma kowace ƙafa. Wannan shi ne mai sa mutum ya tuna zunubansa. Sai tsalle gefe da gefe, daga ƙafar dama zuwa ta hagu, kamar mai tsallake kwata, ina sauka a hankali ba tim ba. Ranar da sau takwas ya zo mini da sauƙi a duk zagayen, mako na gaba in ƙara kilo biyu ko biyu da rabi. Ban taɓa ƙara fiye da haka ba tun ranar sallar zaune.

Wani abin da na ara shi ne agogonsu. Ɗan hoki ba ya zama a fili tsawon wasa. Yana shiga ya zuba duk ƙarfinsa na kamar daƙiƙa 45, ya fito ya zauna ya huta, wani ya shiga, sannan ya koma. Ga ɗan kasuwa wannan babbar kyauta ce, don uzurinmu kullum shi ne babu lokaci. Ka cika jarka biyu masu lita 25, kowace ta kai kilo 25 ke nan, ka sa agogon waya, ka ɗauke su ɗaya a kowane hannu ka yi ta kai da komo daƙiƙa 45, kafaɗa a baya, ba ka jingina gefe ba. Ka huta minti biyu. Ka maimaita sau shida. Duka bai kai minti 20 ba, kuma in nauyin ya fi ƙarfinka ka zubar da rabin ruwan a baho, uwargida za ta yi wanki da shi. Ranar da cunkoson Ikorodu Road ya cinye mini lokaci, wannan nake yi a tsakar gida.

Sai littafi. Lokacin da na fara, kowace ƙungiyar NHL wasa 82 take bugawa a kaka kafin a shiga zagayen fitar da gwani, kuma ana rubuta wa kowane ɗan wasa adadin wasannin da ya halarta. Ni ma na sayi ɗan littafin makaranta, a bayansa na rubuta 1 zuwa 82. Duk ranar da na je na soke lamba ɗaya, in rubuta nauyin da na ɗaga. In na cika 82 kaka ta ƙare, in huta mako biyu, in buɗe sabon shafi. Madubi yana yi mini ƙarya gwargwadon tuwon da na ci jiya, littafin ba ya yi. Da azumi ban soke tsarin ba, rage nauyi nake da kusan rabi, in mayar da atisayen bayan tarawihi, sau biyu a mako.

Wanda ya taɓa jin ciwo ya ajiye ƙarfe, Gary Roberts zai nema. Ciwon wuya ya sa shi ajiye wasa a 1996 yana da shekara 30, bayan an yi masa tiyata. Ya gyara cimarsa, ya sake gina jikinsa daga tushe, ya dawo a 1997, bai sake ajiyewa ba sai 2009. Daga baya ma shi ya koma horar da matasan 'yan wasa irin su Steven Stamkos. Daga wurinsa na ɗauki maganar abinci: na rage lemon kwalba, na ƙara ƙwai da wake da kifi, naman suya kuma ya koma na ranar Juma'a.

Akwai kuma abin da ba a ara. Zdeno Chara, ɗan Sulobakiya mai tsayin mita 2.06, ɗan wani ɗan kokawa, ya buga wasan ƙarshe na gasar 2019 da karyayyen muƙamuƙi. Mario Lemieux ya gama gashin cutar daji na ƙarshe a ranar 2 ga Maris 1993, a daren ya buga wasa a Philadelphia har ya ci ƙwallo. Irin waɗannan labaran suna sa tsigar jiki ta tashi, amma mutanen nan suna da likitoci a gefen fili da albashin miliyoyin daloli. Kai in bayanka ya riƙe, wa zai buɗe maka rumfa? Tsamin tsoka na kwana biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka a gwiwa, ko kafaɗa, ko wanda ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, wannan ajiye ƙarfe ake yi a tafi asibiti. Kuma duk wanda ya matso kusa da kai a rumfa yana raɗa maka wata allura ko ƙwaya da za ta kumbura ka cikin wata ɗaya, ko taramol don kada ka ji gajiya, ka ce masa ka gode. Na ga wani da aka yi wa irin allurar a damtse, wurin ya yi ƙurji har sai da aka tsaga. Abin da zan ɗauka daga Chara shi ne ya kai shekara 45 yana wasa, ya ajiye a 2022, shekarar da ta biyo ya yi gudun fanfalaki na Boston, kilomita 42.

A watan Afrilun 2025 ɗan yayan nawa ya sake zuwa da gudu da wayarsa. Alexander Ovechkin, ɗan Rasha mai shekara 39, gashinsa duk furfura, ya ci ƙwallo ta 895 ya wuce tarihin Wayne Gretzky, wanda kafin nan shi ya fi kowa cin ƙwallo a NHL, kuma a cikin kakar nan ɗin ya karye a ƙafa ya yi jinya ya dawo. Yaron ya dubi gemuna ya ce, "Kawu, furfurarsa ta fi taka." Na ce ya miƙo mini littafin da ke kan firji. Ina lamba ta 57 a kaka ta huɗu a lokacin, kuma washegari Talata ce, ranar ƙafa, ga motar albasa za ta iso daga Aliero kafin ƙarfe bakwai. Na sa agogo ƙarfe biyar saura kwata.