Darasi na Tara: Jawo Tsuntsaye Gida da Ɗaukar Hotonsu

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara ya tsananta, kududdufai suka ƙafe, babu abin da tsuntsu yake nema ido rufe kamar ruwan sha. Saboda haka duk wanda yake son tsuntsaye su saba da tsakar gidansa ko lambunsa, da ruwa ya kamata ya fara, tun kafin ya yi tunanin watsa musu gero ko tsaki.

A sami kasko ko gindin tsohuwar randa da ta fashe, a zuba ruwan da zurfinsa bai wuce gaɓa biyu na yatsa ba, wato kamar santimita 5, domin ƙananan tsuntsaye ba sa yarda da ruwa mai zurfi. A sa dutse a tsakiya inda za su tsaya. A ajiye kaskon a inuwa kusa da bishiya, amma nesa da duk wata duhuwa da kyanwa za ta iya laɓewa a ciki. Wajibi ne a zubar da ruwan a wanke kaskon kowace safiya, saboda sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma bai dace a jawo wa iyali zazzaɓin cizon sauro da sunan taimakon tsuntsu ba. Idan kuka zauna kuka lura, za ku ga kurciya takan tsoma bakinta ta zuƙi ruwa ba tare da ta ɗago ba, alhali yawancin tsuntsaye sai sun ɗiba sun ɗaga kai sama kamar yadda kaza take yi.

Bayan ruwa sai itatuwa. Ɓaure da magarya da kanya suna ciyar da masu cin 'ya'yan itace irin su cilakowa, gawo kuwa da rani yake fitar da ganye, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, don haka inuwarsa tana da daraja ƙwarai. A rage feshin maganin ƙwari iyakar iyawa, domin da tsutsa da fara tsuntsaye da yawa suke ciyar da 'ya'yansu. Yara kuma a lallashe su su ajiye danƙo, a sa su cikin aikin zuba ruwa.

Idan tsuntsaye sun saba, ɗaukar hotonsu da wayar hannu ba zai yi wuya ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe bayan fitowar rana, ko kuma bayan la'asar, sa'ad da haske ya yi laushi. A goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai tsabta, a kashe fitilarta, a zauna yadda rana za ta kasance ta baya, don haskenta ya faɗa kan tsuntsun. A jingina gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa kada wayar ta yi rawa. Sa yatsu a kan fuskar waya a jawo hoto kusa yakan sa ya dusashe, ya fi kyau mutum ya zauna shiru taku biyar ko shida daga kaskon, cikin tufafi marasa ƙyalli, har tsuntsayen su manta da shi. Sheƙa kuwa ba a kusantarta, domin uwa tana iya gudu ta bar ƙwanta rana ta kashe shi, kuma babu hoton da ya kai wannan asarar.

Mai son ganin tsuntsayen ruwa, kamar zalɓe da agwagin daji, ya ziyarci dausayin Haɗeja da Nguru a lokacin hunturu, musamman Dagona a Jihar Yobe, inda tsuntsayen da suka ƙetaro hamadar Sahara daga Turai suke sauka. A Laminga kusa da Jos kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye mai suna APLORI, wadda take horar da ɗalibai kan ilimin tsuntsaye tare da Jami'ar Jos.

Aikin gida: kowa ya ajiye kaskonsa har kwana bakwai, ya riƙa rubuta kwanan wata da sunan duk tsuntsun da ya sauka a littafinsa. Wanda ba a san sunansa ba, a ɗauki hotonsa a nuna wa dattawan unguwa, sannan a kawo amsar aji mako mai zuwa.