Yadda za ka ci kwas ɗin furogiramin na aji ɗaya ba tare da haddar kod ba

Ƙannena jambito, wato sababbin ɗalibai, na Unilag da Yabatech da LASU, musamman 'yan Agege da Idi-Araba masu kukan wai furogiramin ya ɗaure musu kai, ku matso kusa. Matsalar yawancinku ita ce kuna ɗaukar kwas ɗin kamar Tarihi, a kwafi not a haddace a je a juye ranar jarabawa, alhali shi kod, wato umarnin da kake rubuta wa kwamfuta, ta yatsu yake shiga kai, in ba ka buga shi da hannunka ya ƙi tashi ka gyara ba to wallahi ba ka fara ba.

Fara da abin aiki. Ba sai laftof mai tsada ba, tokumbo ta Computer Village a Ikeja ta isa, amma ka tsaya a kan batir ka gwada shi a gaban mai shagon, don ka san halin wutarmu. In babu kuɗin, sauke Pydroid 3 a wayar Android, ka riƙa gwaji ko a cikin danfo ne in gosulo ya riƙe ku a Ikorodu Road.

Yaren da lakcara ya zaɓa shi za ka bi, ka bar musun wanne ya fi. Wasu Python suke koyarwa, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, wasu C na Dennis Ritchie tun 1972, wasu Java. Duk abu huɗu ne ke dawowa: ajiye ƙima a ƙarƙashin suna, sharaɗi da if, maimaitawa da for ko while, sai fankshan, wato guntun kod da ake ba wa suna a riƙa kiransa duk sanda ake buƙata. Maimaitawar nan tamkar kwandasta ce yana bin kujera-kujera yana karɓar kuɗin mota har ya kai ta ƙarshe.

To ga inda ake faɗuwa. Rubuta a = input() da b = input() sannan print(a + b), ka shigar da 2 da 3. Kana jiran 5 ko? 23 za ka gani, saboda input rubutu take dawowa da shi ba lamba ba, sai ta manna su kawai, dole ka ce int(input()), don int ta mayar da rubutun lamba, kafin lissafi ya yiwu. Haka range(5), mai jero lambobi, daga 0 take farawa ta tsaya a 4, biyar ɗin ba ya ciki. Sannan = guda ɗaya sakawa ce, == biyu tambaya ce ko abu biyu daidai suke, wannan kaɗai ya cinye makin mutane da yawa.

Duk kod ɗin da aka ba ku a lakca, kafin ka danna Run, maɓallin da ke tayar da kod, ɗauki biro da takarda, ja layi ga kowane suna, ka bi shi layi-layi kana rubuta abin da ke cikinsa bayan kowane zagaye, ka faɗi amsar, sannan ka tambayi kwamfuta. Inda kuka saɓa, nan ne karatunka na ranar. Yana da gajiyarwa, na sani, amma ni a ganina ya fi kallon bidiyon YouTube na awa uku da ke shanye data a banza.

In jan rubutu ya fito kada gabanka ya faɗi. A Python karanta layin ƙarshe tukuna, shi ke faɗin irin kuskuren, a samansa kuma akwai lambar layin. NameError sau da yawa ka rubuta Kudi ne a inda ka ajiye kudi, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajenta. IndentationError kuwa tazarar farkon layi ce ta karkace, ka saba da danna maɓallin tazara (sifes) sau huɗu.

Asamen da aka turo a gurup ɗin WhatsApp, ko wanda ChatGPT ya rubuta maka, zai ba ka makin ranar, amma jarabawar kwas ɗin nan sau da yawa a takarda ake yin ta, babu abin da zai ja maka jan layi in ka manta ɗigo biyu a ƙarshen if. Don haka duk sati ka rubuta ƙaramin furogiram da biro, misali mai karɓar maki ya faɗi giredi, 70 zuwa sama A, ka kammala shi tsaf a takarda kafin ka buga shi a kwamfuta.