Yadda ake tsiro da furen Akwilejiya daga iri

Akwilejiya fure ne na ƙasashen sanyi. Na dajin, mai shuɗi da fari, yana fitowa a tsaunukan Roki na Amurka, jihar Kolorado ma ta ɗauke shi furenta tun 1899. Na lambu kuwa akwai McKana Giants mai launi iri-iri, da Nora Barlow mai cunkushen fure, wanda ya fito daga jinsin Turai.

1. Zuba irin a kan yashi mai ɗan danshi, ka ƙulle a leda, ka sa a firiji mako 3 zuwa 4. Wannan ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, su dawo suna zargin mai sayar da iri. Ƙwayar ta saba kwana ƙarƙashin ƙanƙara, in ba ta ji sanyi ba sai ta yi ta nawa.

2. Barbaɗa shi a saman ƙasar tukunya, ka danna da yatsa kawai. Kada ka binne, yana son haske.

3. Riƙa yayyafa ruwa. Tsiro kan ɗauki har wata guda.

4. Dasa shi tun yana ƙarami, a inda rana ba ta duka duk yini, tazarar santimita 30 zuwa 40. Saiwarsa doguwa ce kamar ta karas, in ya girma ba ya son a taɓa shi.

5. Fure sai shekara ta biyu. In kana son kalar da ka saya ta ɗore, nisanta nau'o'in, don ƙudan zuma na gauraya su.

Irin baƙi ne mai sheƙi, kuma yana da guba, a ɓoye shi daga yara.