Yadda muka yi wa Baba takardar wakilci

Lokacin da hawan jini ya kwantar da Baba a asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, kuɗin magani na banki, hannunsa kuwa sai rawa yake. Banki bai san babban ɗa ba, sa hannu ya sani. Da ya samu sauƙi na ce mu je wurin lauya.

"Wato rabon gado za ku fara ina raye?" in ji shi.

"A'a Baba, wakili za ka naɗa, kamar na ɗaurin aure. Ranar da ka ga dama ka sauke shi." Nan ya sauko.

Kafin lauya, ka tara 'yan gida, musamman in akwai 'yan uba, a zaɓi wakili a gaban kowa. Ba dole sai babba ba. Mu ƙanena Baba ya nuna, shi ke gari, ya kuma fi ni riƙe lissafi (na ɗan ji zafi, ba zan ɓoye ba).

Wurin rubutu ake yin ganganci. Kada ka yarda a ce "dukkan al'amurana". A jero su: karɓar hayar shaguna biyu na Jekadafari, cire kuɗi daga asusu kaza, biyan asibiti. Sayar da gona kuwa muka sa aka rubuta ƙarara cewa babu. Baba ya sa hannu gaban shaidu, aka buga hatimi, muka biya kuɗin kan sarki. In takardar ta taɓa fili ko gida sai an yi mata rajista a ofishin filaye, nan Gombe GOGIS ke nan, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce mallaka ba ta sauya hannu sai da amincewar gwamna. Banki ma na da nasa fom, ku je tare da mai asusun.

Lauyan ya ja mana kunne: takardar na mutuwa da mutuwar mai ita, daga nan sai hukuncin gado. In hankali ya gushe ma ta faɗi, sai kotu. Irin ta Ingila da ke ci gaba da aiki bayan rikicewar tsufa, tasu ce.

Batun jinya a takarda daban Baba ya faɗa muka rubuta: ɗakin Hajiya zai zauna, kuma kada a sayar masa da gona don kai shi Masar.